Gidan da Aka Ce Babu Kowa a Ciki

Shekarar da Baba ya rasu ina aji biyu na sakandare. Muna zaune a gidan haya a Jega, can cikin unguwar Firchin, a wani lungu da ke bayan injin niƙa. Ɗaki uku ne da zaure, da rijiya a tsakar gida, da wata bishiyar lemun tsami da tururuwa suka fi mu amfana da ita. Mu uku ne a gidan, sai muka koma ni da Inna.

Baba malamin dabbobi ne, mutumin Mungadi. Kullum yana kan babur tsakanin rugagen Andarai da Maiyama, ya dawo da ƙwaryar nono da warin maganin shanu a rigarsa. Mai gidan da muke haya ba mu taɓa ganinsa ba, an ce yana Sakkwato. Wanda muka sani shi ne dillalin da ke kula masa da gidajensa, wani dattijo mai shago a bakin kasuwa, wanda kowa ke kira Alhaji kawai.

A lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa garinmu ba. Ɗan Alhaji da ke karatu a Aliero shi ya kawo masa kwamfuta, ya haɗa ta da waya, ya zuba mata dukkan sana'ar uban: gidaje, filaye, rumbunan albasa, wa ke cikin wane gida, wa kuma ke neman me. Da zarar gida ya zama babu kowa, ita da kanta take duba masu neman irinsa ta aika musu saƙo. Ranar Juma'a kuma ta bi 'yan haya ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa. Baba yana jin daɗin gaisuwar nan. Yakan ɗaga wayar ya nuna wa Inna ya ce, "Kin gani? Akwatin Alhaji ya hi danginki zumunci." Ita kuma ta ce, "To shi kawo maka tuwo in ka ji yunwa."

Da Inna ta shiga takaba, ta riƙe ta yadda tsohuwarta ta koya mata, har da abin da malamai ba su ce dole ba. Ba ta leƙa ko zaure. Ta juya madubi ya fuskanci bango. Namijin da ba muharraminta ba ba zai ji muryarta ba, ko amsa sallama ce. Gwaggo, yayar Baba, ta zauna da mu har aka yi sadakar arba'in, daga nan ta koma Mungadi saboda sharar gona. Abu ɗaya Inna ta sa a gaba: ta ƙare takabarta a ɗakin da Baba ya bar ta.

Wayar Baba tana kan tagar ɗakinsa, cikin wani ƙaramin faranti na silba. Inna ba ta iya karatun boko ba, ba ta kuma kiran kowa, amma ba ta yarda wayar ta mutu. Ni ke kai ta caji wajen mai janareta a bakin titi.

Wata rana da azahar, bazara ta yi tsanani har kaji sun buɗe baki a gindin randa, na dawo daga makaranta ina cire takalmi, sai na ji farantin yana kaɗawa. Ƙara ce siririya, kamar ƙudan zuma ya faɗa cikin kwano. Tun rasuwar babu wanda ya nemi wayar nan. Inna ta ɗago daga kan tabarma ta dube ni, na shiga na ɗauko.

"Salamu alaikum Malam. An samu gida irin wanda kake nema. Firchin, bayan injin niƙa. Ɗaki uku, zaure, rijiya, bishiyar lemun tsami. Babu kowa a ciki."

Na karanta a zuci, na sake karantawa. Sai na ɗaga kai ta taga na ga rijiyar, na ga bishiyar, na ga Inna zaune a inuwarta da carbi.

"Mi anka ce?" in ji ta.

Na karanta mata a hankali. Da na gama sai ta ce, "Babanki ya taɓa ce ma Alhaji shina son gida nai na kansa, irin wanga sak. Mai da ta inda take."

Washegari suka fara zuwa. Na farko wasu mutum biyu ne daga Aliero, 'yan albasa, ana jin warin buhu a jikinsu. Suka yi sallama sau ɗaya, irin sallamar da ake yi wa kango don kada a ce ba a yi ba, suka turo ƙofar zaure. Ina tsaye a ciki da tsintsiya. Ɗayan ya dubi rufin, ya ƙwanƙwasa azara da ɗan yatsa, ya ce wa ɗan'uwansa in aka fasa taga nan iska za ta ratsa, albasa ba za ta ruɓe ba. Idonsa ya wuce ta kaina kamar yadda ya wuce ta kan turmin da ke jingine.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa sai na bari wata ta faɗa. Sai da suka nufi ƙofar shiga tsakar gida sannan na iya cewa, "Akwai mai takaba ciki."

Suka tsaya cak. Babban ya cire hannunsa daga labule kamar ya taɓa wuta.

"Innalillahi. Yarinya, mutum ce ke?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "An ce muna babu kowa. Allah shi jiƙan rai. A ba ta haƙuri."

Suka fita da baya-baya. Duk wanda na samu bakin gaya wa haka yake yi, ba wanda ya taɓa yi mana rashin mutunci. Amma akwatin ba ya jin abin da aka faɗa a zaure. Kowace ranar kasuwa sai ya sake aika saƙon, ga sababbin mutane, ga kuma wayar Baba. Farantin ya kaɗa, ni da Inna mu yi kamar ba mu ji ba.

Mafi muni su ne masu zuwa ina makaranta. Sai in dawo in tarar da sawun takalman da ban sani ba a ƙurar zaure, ko alamar gawayi a bango inda wani ya auna da taku. Wata rana guga a wajen rijiya ba inda na bar shi ba. Inna ta ce da ta ji su sai ta shige ɗaki ta sa sakata ta zauna bayan ƙofa. Tana jin su suna zagaya tsakar gida, suna ɗanɗana ruwan rijiya, suna murɗa hannun ƙofar ɗakin da take ciki. Wani ma ya kara kunnensa a jikin katakon. Ta ce tana jin numfashinsa.

"Ki yi tari mana, Inna, su san da mutum."

"Tari ma murya ne," ta ce.

Daga nan magana ta fara yawo. Waɗanda aka ce wa gida babu kowa sun tarar da toka da ɗumi a murhu, da jiƙaƙƙen zani a igiya, wani kuma ya rantse ya ji ƙwayoyin carbi suna bugun juna a ɗakin da ke kulle. Maƙwabta sun san gaskiya, amma baƙi ba sa tambayar maƙwabta, tasha suke kai labari. Wata 'yar ajinmu mai baki ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Ke, an ce gidanku kango ne. To ina kike kwana? Bari in taɓa ki in ji." Ta tsunkule ni a hannu, sauran suka kwashe da dariya. Ban yi kuka ba. Amma a hanyar gida na riƙa duba ƙasa ina tabbatar da cewa takalmina yana barin sawu.

Baffa, ƙanen Baba, ya zo daga Mungadi da ya ji labari. Ya zauna a zaure, Inna na bayan labule, ni ce a tsakiya ina kai magana ina kawowa, ko da yake yana iya jin ta in ta so.

"Ce mata ta haɗa kaya. Malamai sun ce in da lalura ana tashi. Ta ƙarasa can gida cikin dangi."

Na juya na faɗa. Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ta ce nan yab bar ta."

"Ce mata bango ne da azara, ba shi ne ba."

"Ta ce ta sani."

Baffa ya buga hularsa a gwiwa. Ya ce zai biya ta wajen Alhaji, ya kuma biya, amma ya tarar ya tafi Maiyama rabon wasu filaye, shagon a rufe, sai ƙarar janareta daga ciki. Ya koma ƙauye, ya bar saƙon cewa in abu ya ƙara faruwa zai zo da mota, ko ta so ko ba ta so ba.

Abin ya faru a satin da hadari ya fara haɗuwa ta gabas ba ya zubarwa. Na shigo lungunmu da rana tsaka, injin niƙa a kashe, ko akuya babu. Tun daga nesa na hango wani abu yana ƙyalli a ƙofarmu. Kwaɗo ne sabo, babba, mai ruwan zinariya, an rataya shi ta waje.

Na taɓa shi, yana da zafi. Na ja, ya ƙi. Na buga ƙofa na ce, "Inna." Shiru. Sai wani tunani ya zo mini wanda har yau ba na son tuna shi: ko dai gaskiyar akwatin ce? Ko in aka buɗe za a tarar da ɗakunan a share, babu tabarma, babu randa, sai ganyen lemu a ƙasa?

Na zagaya ta gefen katanga inda rariyar gidanmu ke fitowa, na durƙusa da kayan makaranta cikin laka, na sa baki a ramin.

"Inna! Ni ce."

Na daɗe ina jin iska mai sanyi tana fitowa ta ramin tana taɓa leɓena. Can sai na ji takunta, sannan muryarta, kusa ƙwarai, daga ƙasa.

"Ina nan."

Ta ce wani mutum ya yi sallama sau uku, ya jira, ya ja ƙofa. Ta ji ƙarar kwaɗon. Ba ta san ko wane ne ba.

"Kada ki aika Mungadi," ta ce. "Kin ji ko? In Baffanki ya ga wanga, yau ba ni kwana nan. Tahi wajen Alhaji."

Ban taɓa shiga shagon maza ni kaɗai ba. Na bi ta cikin kasuwa da laka a gwiwa, ta wajen masu kifi, har bakin shagon. Allah ya sa ya dawo. Yana zaune a benci yana cin gyaɗa da wani abokinsa tela. Na durƙusa na gaishe su, daga nan na rasa ta inda zan fara, sai Alhaji ya riga ni.

"Ɗiyar Malam ce ko? Ya haƙuri? Ya innarki?"

"An kulle ta."

"An mi?"

"An sa kwaɗo. Tana ciki."

Gyaɗar ta zube daga hannunsa. Ya ƙwala wa mai yi masa aike kira, wani dogon mutum mai tarin makullai a ɗamara. Mutumin ya ce ai shi aikin da aka ba shi ya yi. Mai gida ya bugo daga Sakkwato, ya ce shi ma saƙo ya zo masa cewa gidansa na Firchin babu kowa, ga kuma maganganun da yake ji, a rufe kafin ɓata-gari su mai da shi mafaka.

"Ka yi sallama?"

"Har uku, Alhaji."

"Mai takaba za ta amsa maka, kai da ƙatuwar muryarka? Ruga ka buɗe!"

Telan ya ce, "Na hwaɗa maka, Alhaji. Ka ɗauki yaron shago wanda bai zuwa jana'iza."

Alhaji ya ce in biyo shi ciki.

Ɗakin ƙarami ne, ba taga, yana warin fetur da tsohuwar takarda. An lulluɓe kwamfutar da sallaya saboda ƙura. Da ya yaye, hasken gilashin ya sa fuskarsa ta yi shuɗi-shuɗi. Ya sa tabarau, ya riƙa tura ɗan abin nunin da yatsa ɗaya, yana karanta abin da ɗansa ya koya masa a fili kamar mai tilawa. Sai ga gidanmu ya fito. Hoto ne da aka ɗauka kafin mu tare: tsakar gida fayau, bishiyar tana ƙarama, ƙofofin ɗakunan uku a buɗe, cikinsu baƙi ƙirin.

"Ni na yi shi," Alhaji ya ce a hankali. "Da nid dawo daga gaisuwa sai na ce bai kamata abin ga ya riƙa gaida mamaci ran Juma'a ba, kada ya tada ma innarki hankali. Na cire shi daga 'yan haya. Ashe ita abu biyu ta sani, ko akwai suna a gida, ko babu kowa."

Ya ce abu ne mai sauƙi, sai a sa wani sunan. Ya buɗe wurin, ya juyo.

"Mi sunan innarki?"

Na sunkuyar da kai. Na san sunan, amma ban taɓa furta shi ba, kuma ban ga yadda zan ajiye shi a nan ba, cikin akwatin da 'yan albasa da direbobi ke leƙawa. Na lura duk sunayen da suka wuce a gilashin na maza ne, babu mace ko ɗaya. Shi ma ya gane. Ya yi gyaran murya ya rubuta "Iyalin Malam". Kwamfutar ta nemi lambar waya. Waya ɗaya ce a gidanmu, na faɗa masa lambar. Ya danna, sai ta yi wata 'yar ƙara, wani jan rubutu ya fito.

"Ta ce lambar ga tana da mai ita." Ya matso da fuskarsa. "Shina nan cikin masu neman gida. Can ban cire shi ba."

Ya gwada ya sake gwadawa. Ya kira ɗansa, wayar ba ta shiga, ana jarrabawa a Aliero. Ya ce gobe kasuwa, da safe za ta sake aikawa, kuma in ya kashe ta gaba ɗaya sauran gidajen mutane duk sun tsaya. A gefen sunan Baba akwai wani ɗan gurbi. Na daɗe ina kallonsa. Ƙarƙashinsa an rubuta: a mayar gidansa.

"Ku mai da shi," na ce.

Alhaji ya cire tabarau. "Ɗiyata, mutumin da munka kai da hannunmu? In rubuta shina ciki?"

"Har ta gama takaba."

Ya dubi gilashin, ya dube ni. Hannunsa yana kan tebur, bai motsa ba. Daga waje telan yana ba wani labari ana dariya. Na miƙa yatsana, da sauran busasshiyar laka a farce, na danna inda na ga yana dannawa. Hoton gidan bai canza ba, ƙofofin suna nan a buɗe. Amma a ƙasansa sunan Baba ya fito cikakke, da kalma biyu a gabansa: yana ciki.

Alhaji ya ce, "Allah shi gafarta muna," ya mayar da sallayar ya rufe.

Da na isa gida an cire kwaɗon. Inna tana zaune a gindin bishiya, ta ɗora tukunya. Na gaya mata duk abin da aka yi, ban rage ba. Ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba. Ta ce in wanke gwiwata.

Daga ranar ba wanda ya sake turo ƙofarmu. Ruwa ya sauka, ya wanke gawayin da ke bangon waje. Baffa ya aiko da gero, bai zo da mota ba. Sai dai kowace Juma'a, ana gab da kiran salla, farantin yakan kaɗa. "Barka da Juma'a Malam. Ya gida, ya iyali? Allah ya bar mu tare." Karon farko Inna ta sa na karanta. Bayan nan ba ta ƙara tambaya ba, amma na lura ranar Juma'a takan share ɗakinsa da wuri, ta bar ƙofar a buɗe. Ni kuwa na daina shiga ɗakin in ba dole ba. In zan wuce ta bakinsa sai in ji ina sassauta tafiya, kamar yadda nake yi da can in ya dawo daga ruga ya kwanta.

Ranar da takaba ta cika, Gwaggo ta zo tun da hantsi. Aka yi wa Inna kitso, aka soya waina aka raba wa maƙwabta. Ta yi wanka ta sa atamfa, ta ɗauko takalmanta daga ƙarƙashin gado, sun yi ƙura, sun kuma yi mata yawa. Kowa ya zaci gidajen maƙwabta za ta fara shiga godiya. Sai ta yafa mayafi ta ce mini, "Wuce gaba ki nuna min shagon."

Ta tsaya a bakin zaure tana ƙifta ido, rana ta yi mata yawa. Muka bi ta kasuwa a hankali, tana riƙe da kafaɗata. Alhaji ya miƙe tsaye da ya gan mu. Ba ta shiga ba, daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ta yi masa godiya, da muryarta, a fili.

"Na gama, Alhaji. Jibi za mu Mungadi. A sallame shi. Ko'ina yake ciki, a hid da shi."

Ya shiga ya yaye sallayar. Muna jin ƙarar dannawarsa ɗaya-ɗaya, ya cire shi daga 'yan haya, sannan ya buɗe wajen masu neman gida don ya share shi a can ma. Can sai ya tsaya.

"Tana tambaya," ya ce daga ciki. "Wai an tabbata?"

Na ji yatsun Inna sun matse kafaɗata, sannan suka saki.

"Ce mata na tabbata," in ji ta. "Ina tsaye anka hita da shi."